Agege a Ƙarƙashin Fikafikan Jirage

A Zangon Agege, mai cinikin goro kan dakata da magana har jirgi ya wuce, sannan ya ci gaba daga inda ya tsaya. Layin dogo ne ya tara Hausawa a nan tun zamanin Turawa, amma filin jirgin saman Ikeja, wanda aka sa wa sunan Murtala Muhammed a 1976, shi ne maƙwabcin da ya fi surutu. Jirage da yawa ta arewa suke gangarowa, ta kan Iju da Agege.

Ranar 20 ga Nuwamba 1969, jirgin Nigeria Airways ƙirar VC10 ya taso daga Landan, ya yada zango a Rum da Kano, ya doshi Legas. Saura kilomita 13 ya sauka sai ya yi ƙasa fiye da kima, ya daki bishiyoyi. Mutum 87 da ke ciki babu wanda ya tsira. A lokacin yankin duk daji ne da gonaki.

Shekara 43 bayan haka, dajin ya zama gari. Da yammacin Lahadi, 3 ga Yuni 2012, jirgin kamfanin Dana ƙirar MD-83 daga Abuja ya faɗa kan gidaje a Iju-Ishaga. Mutum 153 na cikinsa suka rasu, tare da wasu shida da ajali ya tarar a ƙasa, waɗanda ko tikiti ba su yanka ba. Masu kashe gobara sun sha wuya kafin su ratsa lunguna da cincirindon 'yan kallo. Shugaba Jonathan ya ayyana makokin kwana uku.

Abin takaicin ya fito ne a rahoton hukumar binciken haɗurra ta AIB, wanda sai 2017 aka sake shi. Tun minti 17 da tashi inji ɗaya ya fara ba da matsala, matuƙan ba su nemi sauka a fili mafi kusa ba, suka ci gaba. Da aka zo dab da Legas na biyun ma ya mutu. Ga shi kuwa shekara biyu kacal kafin haɗarin, a 2010, Amurka ta sa Najeriya a sahun farko na ƙasashe masu kiyaye lafiyar sufurin sama, bayan gyare-gyaren da suka biyo haɗarin jirgin Bellview na 2005 a ƙauyen Lisa, inda mutum 117 suka halaka.

Gwamnati ta dakatar da Dana bayan haɗarin, amma ya koma aiki bayan 'yan watanni. A Afrilun 2024 wani jirginsa ƙirar MD ya zame daga titin sauka a Ikeja, ba a rasa rai ba, gwamnati ta sake dakatar da kamfanin.