Yadda ake gano launin tuta a tsofaffin hotuna

Tun bayan da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968, tafkin ya shafe garuruwa da ƙauyuka da dama na ƙasar Yawuri da Bargu. Tsofaffin hotuna marasa launi na daga cikin shaidun da suka rage na wancan zamani, kuma tutar da ta bayyana a hoto kan nuna lokacin da aka ɗauke shi da kuma hukumar da ke mulki.

To sai dai ido kan yaudari mai kallo. Fim ɗin da aka fi amfani da shi a farkon ƙarni na 20 ba ya kama jan launi, don haka ja kan fito baƙi ƙirin, shuɗi kuwa ya yi haske. Fim mai kama dukkan launuka ya shiga kasuwa a 1906, amma bai yaɗu ba sai wajejen shekarun 1920.

Tutar Najeriya ta zamanin Turawa, wadda aka yi amfani da ita daga 1914 zuwa 1960, misali ce. Shuɗiya ce, da tutar Birtaniya a kusurwa, da jar da'ira mai ɗauke da koriyar tauraruwa mai tsini shida. A tsohon fim, da'irar kan fi jikin tutar duhu.

Saboda haka masana kan fara da tantance shekarar hoton da irin fim ɗin. Daga nan sai su kwatanta tutar da wani abu a hoton da aka san launinsa, kamar jar darar sojojin mulkin mallaka. Idan duhunsu ya zo ɗaya, mai yiwuwa tutar ja ce, amma hakan bai kai hujja ba, domin launuka daban-daban kan ba da duhu iri ɗaya.

Hujja mafi ƙarfi ita ce rubutaccen bayani na waɗanda suka gani da idonsu, ko kuma tutar kanta, kamar ta Sarkin Musulmi Attahiru da Turawa suka ƙwace a 1903, suka mayar Sakkwato a 1960.

Manhajojin kwamfuta da ke sanya wa tsofaffin hotuna launi kuwa kintace suke yi, don haka ba a kafa hujjar tarihi da su.