Tarihin Bankin Ido na Ƙasar Siri Lanka

Jama'a, kun san bankin kuɗi, kun san bankin cimaka. To, akwai kuma bankin ido.

A gaban baƙin idon mutum akwai wani tantani garai-garai kamar gilashi. Ta nan haske ke shiga. In ƙaya ta soke shi, ko ƙyanda ko amosanin ido suka ɓata shi, sai ya yi fari. Shi ne muke kira hakiya. Cikin idon lafiya lau, amma ƙofa ta rufe. A 1905 wani likita, Eduard Zirm, a ƙasar Turai, ya ɗebe tantanin wani yaro ya ɗinka wa wani lebura da farar ƙasa ta ƙone wa idanu. Leburan ya gani. A 1944 aka buɗe bankin ido na farko a birnin New York na Amurka.

Amma wanda na fi so ku sani yana Siri Lanka, wani tsibiri kudu da Indiya. A can, da, idanun waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa ake ɗauka. A 1956 gwamnati ta dakatar da kisa, sai likitoci suka rasa abin aiki, makafi suna jira. Wani ɗalibin likitanci, Hudson Silva, ya rubuta a jarida a 1958 yana roƙon mutane su bar wasiyyar idanunsu. Bai tsaya ga roƙon wasu ba. Mahaifiyarsa ta yi alkawari, da ta rasu aka cika, wani ya gani da idonta. A ganina wannan ya fi jaridar aiki.

A 1961 ya kafa ƙungiyar masu ba da kyautar ido. Yawancin mutanen ƙasar mabiya Buda ne, kuma a wajensu wannan babbar sadaka ce. Kyauta ta yi yawa har ta fi ƙarfin likitocin ƙasar. A 1964 aka zuba ƙanƙara cikin gorar shayi, aka sa idanu 6, aka aika Singafo. Daga baya ƙasashe da dama suka samu, har da Pakistan, ƙasar Musulmi.

Aikin yana son gaggawa: cikin ƴan awowi bayan rasuwa ake ɗauka, kuma sai da yardar dangi. Ba kowane makaho yake yi wa amfani ba. In jijiyar ido ta mutu, sabon tantani ba ya tashe ta.

Silva ya rasu a 1999, ƙungiyarsa ta ci gaba da aiki a birnin Kolombo.