Birki ya ƙwace: tarihin 'yan daƙiƙun da muke tsallakewa

Wannan makon ni zaren ya faɗo wa.

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na ci karo da wannan a labaran da muke turowa nan: birki ya ƙwace, fasinja suka ɗau salati, babi na gaba jaruma tana gadon asibiti. Ni ma na taɓa rubuta haka. Amma tsakanin ƙwacewar birki da asibiti akwai 'yan daƙiƙu da direba yake da aiki a cikinsu, kuma kowane aikin yana da inda ya samo asali.

Birkin motar farko itace ne da ake dannawa a jikin ƙafar mota. A watan Agustan 1888 Bertha Benz ta tuƙa motar mijinta daga Mannheim zuwa Pforzheim a Jamus, sama da kilomita 100. Itacen ya cinye, sai ta tsaya wajen wani baduku ya buga masa fata. A 1902 Louis Renault na Faransa ya fito da birkin da ke kamawa daga cikin ganga. Daga baya Malcolm Loughead na Amurka ya kawo birki mai aiki da mai, motar Duesenberg ta 1921 ta fito da shi a ƙafa huɗu. Aibinsa guda ne: hanyar man ɗaya ce, in bututu ya huje ko'ina, birkin duka ya tafi. Shi ya sa daga 1968 dokar Amurka ta tilasta a raba hanyar gida biyu.

Wannan rabon shi ya sa direban ƙaramar mota, in ya taka ya ji ƙafarsa ta nutse, bai kamata ya fid da rai ba. Ya ɗaga ƙafa daga totur, ya riƙa taka birkin da sauri yana saki, ya kai shi har ƙasa. Sau da yawa rabin da bai huje ba yana kamawa.

A nan ƙasar Katsina, Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, yana cikin sarakunan Arewa na farko da suka mallaki mota. Bayan motar sarki sai ga manyan motocin gyaɗa da auduga masu kai kaya bakin jirgi a Funtuwa da Kano. Su suka zo mana da yaron mota da wejinsa, guntun katakon nan da yake dira da shi ya cusa bayan taya. Wani dattijon direba ɗan garinmu Wurma, wanda nakan zauna da shi a tashar Dutsin-Ma, ya ce mini a zamaninsu ba wanda yake ba birki amana a gangare. Giyar da za ka hau tudu da ita, da ita za ka sauko. Dalilinsa gaskiya ne har gobe: birkin da aka daɗe ana takawa zafi yake ɗauka, man ya tafasa, sai a taka a ji wayam.

Daga wurinsu aka gaji mataki na biyu, wato sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, huɗu zuwa uku, uku zuwa biyu, inji ya riƙe motar. Mai atomatik ma yana da ƙananan giyoyi. Sai hambirki, wanda galibi waya ke jansa, ba ruwansa da mai. A danne maɓallinsa a ja a hankali. Wanda ya fizga, ƙafar baya ta kulle, motar ta juya da shi. Ana yi ana danna oda, ido na neman tudu ko yashi ko ciyayin gefen hanya, ko da za a goge jikin motar.

Kuskuren da na fi gani a rubutunmu shi ne jarumi ya kashe mota don ta tsaya. Kashewa na sa sitiyari ya yi nauyi, birkin ya ƙara tauri, in aka zare makulli sitiyarin na iya kullewa.

Tirela da tanka kuma nasu daban ne. Birkin iska gare su, dabarar da George Westinghouse ya fara yi wa jirgin ƙasa a 1869. Direban tirela da ya riƙa taka birki yana saki, iskar da ta rage masa yake zubarwa. Don haka in za ku ɗora jaruminku a hanyar Katsina zuwa Kurfi zuwa Dutsin-Ma, ku fara gaya mana wace irin mota yake ja.