ZARE: Yadda hanyoyin masu haƙar yuraniyom suka koma matattarar masu keke a Moab

1/ Yau tarihin hanyoyin keke a hamadar Amurka zan kawo muku. Na san wani zai ce keke kuma? E, keke. Akwai garin da ya kusa zama kufai, keke ya tashe shi. Sunansa Moab, a jihar Utah. Ku gyara zama. 🧵

2/ Moab yana cikin hamada ce, amma hamadar kan tudu. Garin kansa yana sama da mita 1,200 daga teku. Ruwan sama kaɗan ne, ƙasar ja ce, ko'ina duwatsu da kwazazzabai. Kogin Kolorado ya ratsa ta gefensa, daga gabas kuma tsaunukan La Sal ne, masu ƙanƙara a kai lokacin sanyi.

3/ Kafin zuwan Turawa, ƙabilu irin su Ute ne ke yawo a wannan ƙasa, kuma su suka fara fitar da turbobin sauka cikin kwazazzabai. Daga baya makiyayan shanu da tumaki suka mayar da wasu daga ciki burtali. Ku riƙe wannan, domin duk labarin na gadon hanya ne: wani ya fitar, wani ya gada.

4/ Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta shiga tseren makaman nukiliya da Tarayyar Sobiyet. Hukumar makamashin nukiliya ta ƙasar ta tsayar da farashin yuraniyom, ta kuma sa lada ga duk wanda ya gano sabon wuri. Ai kuwa mutane suka bazama cikin hamada da na'urar gano ma'adinin a hannu.

5/ A watan Yulin 1952 wani masanin duwatsu mai suna Charlie Steen, wanda talauci ya yi wa katutu, ya faɗa kan yuraniyom mai tarin yawa a kudu maso gabas da Moab. Ya sa wa mahaƙar suna Mi Vida. Ya zama miloniya. Garin da ke da mutum kusan 1,300 a 1950 ya haura 4,600 a 1960.

6/ To ma'adini ba ya fita daga daji sai da hanya. Sai aka shiga da katafila ana yanka hanyoyi a bakin kwazazzabai. Tsohon burtalin Shafer aka faɗaɗa shi don manyan motoci. Hanyar White Rim, mai zagayen kusan kilomita 160, ita ma a shekarun 1950 aka yi ta don masu neman yuraniyom.

7/ Abin dariya, White Rim ba ta ba da wani yuraniyom na a zo a gani ba. Aka watse aka bar hanyar nan ita kaɗai. Yau tana cikin gandun Canyonlands, kuma sai ka nemi izini kafin ka bi ta da keke. Masu yawa kwana uku ko huɗu suke yi a kai, masu ƙarfin hali su gama a yini ɗaya.

8/ Shahararriyar hanyar garin, Slickrock, ita ma ba don keke aka yi ta ba. A 1969 wani mai suna Dick Wilson ya tsara ta don masu ƙananan babura. Tsawonta kusan kilomita 17, kuma kusan duk a kan fallen dutse take. Alamar hanya kawai ɗigon farin fenti ne da aka bi aka shafa.

9/ Sunan yana nufin dutse mai santsi. Mutanen farko masu dawaki ne suka ga haka, don takalmin ƙarfe na kofaton doki zamewa yake a kai. Amma dutsen na yashi ne da ya daskare tun miliyoyin shekaru. Tayar roba kama shi take gam. Shi ya sa za ka ga mai keke yana hawa gangaren da ido zai ce ba ya hawuwa.

10/ A lokacin shi kansa keken hawan dutse bai zo duniya ba. A shekarun 1970 ne wasu samari a gundumar Marin ta Kalifoniya suka riƙa gyara tsofaffin kekuna masu faɗin taya suna gangarowa daga tsauni. A 1976 suka fara tseren Repack. Birki kan yi zafi har girisin ya ƙone, sai an sake cusa wani.

11/ A 1977 Joe Breeze ya ƙera firam na musamman don wannan wasa. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, wanda ya sa keken ya shiga shaguna sosai. Kun ga keke ya samu, yana neman wurin hawa. A daidai wannan lokaci kuma Moab ya shiga uku.

12/ Bayan hatsarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a 1979, kasuwar yuraniyom ta faɗi warwas. Masana'antar Atlas da ke sarrafa shi a bakin kogi ta rufe a 1984. Gundumar Grand, inda Moab yake, ta sauko daga mutum sama da 8,000 a 1980 zuwa kusan 6,600 a 1990. Gidaje suka rasa masu saye.

13/ 'Yan Nijar da ke nan, wannan faɗuwar ba baƙuwa ba ce a wurinku. Ita ce dai ta girgiza Arlit da baitulmalin Nijar a farkon shekarun 1980, bayan kuɗin yuraniyom sun gama shiga a shekarun 1970. Kasuwa ɗaya ce, ta bugi garuruwa biyu masu nisan dubban kilomita.

14/ Mu koma Moab. A 1983 'yan gida ɗaya, Bill da Robin Groff, waɗanda aikinsu ya tafi tare da ma'adinin, suka buɗe shagon keke mai suna Rim Cyclery. A 1985 sabuwar mujallar Mountain Bike ta buga hotunan jajayen duwatsun nan a fitowarta ta farko. Daga nan labari ya bazu, baƙi suka fara tururuwa.

15/ Abin da ya fi burge ni shi ne garin bai kashe kuɗin gina hanyoyin farko ba. Ya tarar da su ne a shimfiɗe. A 1989 aka buɗe hanyar Kokopelli, kusan kilomita 230 daga Loma a Kolorado zuwa Moab, kuma yawancinta tsofaffin hanyoyin daji ne aka ɗinke wuri ɗaya.

16/ Akwai kuma Whole Enchilada. Tana farawa ne daga Burro Pass a tsaunukan La Sal, kusan mita 3,400, ta gangaro har bakin Kogin Kolorado. Da safe kana cikin kurmi da rigar sanyi, da yamma kana cikin hamada gumi na zuba. Saukar ta haura mita 2,000 a yini guda.

17/ Amma fa kowace riba da asararta. Hamadar nan tana da wani baƙin ɓawo a saman ƙasa. Kamar datti yake, alhali mai rai ne: ƙananan halittu da gansakuka ne suka saƙa shi. Shi ke riƙe ƙasa kada iska ta kwashe, shi ke riƙe damshi. Taya ɗaya ta taka shi, sai ya yi shekaru goma-goma bai dawo ba.

18/ A farkon shekarun 1990 abin ya yi muni. Mutane na kwana inda suka ga dama, suna sare itatuwa suna hura wuta. A hutun Ista na 1993 aka yi hargitsi a yankin Sand Flats, kusa da Slickrock. A 1995 hukumar filayen tarayya da gundumar Grand suka haɗa kai: a biya kuɗin shiga, a kwana inda aka ware, a tsaya kan hanya.

19/ Sai matsalar muhalli. Otal-otal da gidajen saukar baƙi suka cika gari, haya ta yi tsada, masu wanke kwanuka da masu gyaran keke suka rasa inda za su zauna. Aikin ma na kaka ne, kuma albashinsa bai kai na mahaƙa ba. A 2019 hukumomin garin suka dakatar da ba da izinin gina sababbin masaukai na wani lokaci.

20/ Shi ma yuraniyom bai tafi da shararsa ba. Atlas ta bar tulin dusar ma'adini mai guba, kusan tan miliyan 16, a bakin kogin da miliyoyin mutane ke sha. Tun 2009 gwamnatin tarayya ta fara kwashe ta da jirgin ƙasa zuwa Crescent Junction, da kuɗin harajin jama'a. Masu keke ta gefen wurin suke wucewa.

21/ Ni dai a karatuna na tarihi, abin da na ɗauka shi ne: ma'adini yakan ƙare, amma abin da ya bari, mai kyau da mara kyau, yakan daɗe fiye da shi. Moab ya gaji hanyoyi ya ci moriyarsu, ya gaji guba yana biya. Yanzu kuma yana kokawa kada baƙi su cinye hamadar da ke kawo su.

22/ Tambayata gare ku: da ku ne mutanen garin, za ku taƙaita yawan baƙi don kare ƙasa da saukaka haya, ko za ku bar ƙofa a buɗe tunda da su ake ci? Ku ajiye ra'ayinku a ƙasa, zan bi in karanta. Wanda ya ƙaru ya tura wa wani.