Kasuwa: Baƙuwar da Ta Zama 'Yar Gida

Wa zai ce kasuwa ba Bahaushiya ba ce? Masana harshe sun bi sawunta har Borno, inda Barebari ke cewa kasugu. Su ma daga suƙ ta Larabci suka samo, suka ɗora mata ka a gaba. Mutumin Azare ba zai yi mamaki ba, don ƙasar Katagum ta daɗe tana cuɗanya da Borno tun kafin Malam Zaki ya kafa masarautar.

Da ta shigo bakinmu sai ta wuce rumfuna. Kasuwa tana ci, kuma ana cin ta, ba tare da kowa ya tauna komai ba. Kaya ya yi kasuwa in ana rububinsa. Budurwa ma takan yi kasuwa, in samari suka cika zauren gidansu.