Faɗi, Iska da Saƙa: Nazari kan Zaɓen Tayar Keke don Hanyar Kwalta da Burji

Tsakure

Wannan maƙala ta duba abin da ya kamata mai keke ya lura da shi idan hanyarsa wani sashe kwalta ce, wani sashe burji ko tsakuwa. An bi ta lissafin yadda taya ke zama a ƙasa, da gwaje-gwajen da aka riga aka wallafa, da abin da ake gani a gasannin duniya. Nazarin ya nuna cewa faɗin taya, da yawan iskar da aka dura mata, da irin saƙarta, sun fi haƙoran bayanta tasiri, ko da yake haƙoran ne mai saye ke fara kallo.

Gabatarwa

Tun da John Boyd Dunlop na Belfast ya yi wa tayar iska rajista a 1888, aiki biyu ake nema a wurinta: ta gangara ba ta ci ƙarfin mahayi ba, ta kuma shanye gargada. A kwalta mai santsi na farkon ne ke gaba, a burji kuwa na biyun. Wanda ya fito daga gari ya nufi ƙauye yana bukatar duka biyun a tafiya guda, da taya guda.

Lissafin zaman taya

Girman wurin da taya ke taɓa ƙasa ana samun sa ne idan aka raba nauyin da take ɗauke da shi da ƙarfin iskar cikinta. Tayar baya mai ɗauke da kilo 50, idan iskarta bar 6 ce, za ta taɓa ƙasa da kimanin murabba'in santimita 8. In aka rage iskar zuwa bar 3, wurin ya ninka. Faɗin taya ba ya sauya girman wurin nan, siffarsa kawai yake sauyawa: a siririyar taya dogo ne, a faffaɗa kuwa gajere mai faɗi. Gajeren yana nufin jikin taya bai lanƙwashe sosai ba, kuma a wajen lanƙwasa da miƙewar roba ne ƙarfi ke salwanta ya zama zafi. Don haka idan saƙa ɗaya ce, iska ɗaya ce, faffaɗar ta fi saurin gangarawa.

Akwai wani lissafin da masu famfo ba su cika yi ba. Taurin taya yana tafiya ne da iska da faɗi tare. Taya mai faɗin milimita 40 a bar 3.75 jikinta ya ɗame daidai da mai milimita 25 a bar 6. Wanda ya sayi faffaɗa ya cika ta da iskar siririya, ya biya kuɗin laushi bai same shi ba.

Inda gwajin ɗaki ya gaza

An daɗe ana gwada tayoyi a kan gangar ƙarfe mai juyawa, kuma a can duk ƙarin iska ƙarin sauri ne. Daga nan aka gaji imanin cewa taya mai tauri ita ce mai gudu. Gwaje-gwajen da Jan Heine ya wallafa a mujallar Bicycle Quarterly, waɗanda aka yi a kan titi da mutum bisa keke, sun nuna abin da gangar ta ɓoye. Idan taya ta yi tauri, kowane ɗan tudu yana cilla keke sama, girgizar ta shiga jikin mahayi, tsokoki su shanye ta, ƙarfin kuma ya tafi ke nan. Tom Anhalt ya nuna cewa akwai iyakar da in iska ta wuce ta, ƙari ya koma ragi, kuma iyakar tana sauka gwargwadon kaushin hanya. A ganina wannan ne jigon batun: hanyar gauraye tana son iskar da ta dace da mafi kaushin sashenta, domin asarar da ƙarancin iska ke jawowa a kwalta kaɗan ce, ta yawan iska a burji kuwa babba ce. Ƙa'idar da Frank Berto ya yaɗa, cewa taya ta nitse da kashi 15 cikin ɗari na tsayinta idan an hau, har yanzu mafari ce mai kyau.

Haƙora

Haƙora suna aiki ne inda za su nutse, wato laka ko ƙasa mai taushi. A busasshen burji duwatsun ne ke zamewa a kan juna, haƙori bai hana. A kwalta kuma sai ƙugi da saurin cinyewa. Gasar duniya ta farko ta tseren tsakuwa, wadda aka yi a yankin Veneto na Italiya a 2022, Gianni Vermeersch ya ci ta ne a kan keken titi. Don haka taya mai sumul a tsakiya da ƴan haƙora a gefe don shan kwana ta wadatar, sai fa da damina.

Faci da saƙa

Nan ne sauri ke ja da baya. Saƙa mai zare 120 a kowane inci ta fi mai 60 laushi da gudu, amma ta fi saurin yagewa. Mahaya gasar Unbound ta mil 200 a Emporia da ke jihar Kansas ta Amurka sun san haka, domin duwatsun yankin masu kaifi ne, gefen taya suke yankawa. A ƙasar Hausa abokin gaba ƙaya ce, musamman tsidau da ke baje a bakin hanya. Taya marar tif, wadda kamfanin Mavic ya fito da tsarinta a 1999, tana da ruwan roba da ke toshe irin wannan huji nan take, kuma tana hana facin da ke faruwa idan tif ya matse tsakanin dutse da ƙarfen ƙafa. Sai dai ruwan yana bushewa da wuri a zafi, kuma mai facin bakin kasuwa tif ya sani. Wanda zai yi nisa da gari gara ya nemi taya mai shimfiɗar kariya a ƙarƙashin roba, ya haƙura da ɗan nauyinta.

Awo

Faɗin milimita 35 zuwa 45 shi ya fi dacewa da gauraye, muddin firam zai ɗauka da sauran sarari don laka. Kafin saye a karanta lambar ISO 5775 da ke jikin taya. Baƙin keke irin na Raleigh da Phoenix yana ɗaukar 40-635, wato dama can faɗin tayarsa milimita 40 ne, 635 kuma girman ƙafar ne a milimita. Kekunan tsere da na tsakuwa yawanci 622 suke. Duka biyun ana iya ganin an rubuta musu inci 28, amma tazarar milimita 13 da ke tsakaninsu ta isa ta hana ɗaya hawa ƙafar ɗaya.