Manhajar VPN ta kyauta: Abin da mai waya a Mai'adua ya kamata ya sani kafin ya sauke ta

Mutane da yawa a Arewacin Najeriya sun fara jin kalmar VPN ne a watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta dakatar da Twitter bayan kamfanin ya goge wani saƙo da shugaban ya wallafa. Dakatarwar ta fara aiki ranar 5 ga Yuni, ba a kuma ɗage ta ba sai ranar 13 ga Janairun 2022. A tsawon waɗannan watanni bakwai, duk wanda ya ci gaba da rubutu a dandalin daga Daura, mahaifar shugaban, ko daga maƙwabciyarta Mai'adua, ta wata kafa ya zagaya, kuma galibi kafar ita ce VPN.

Tun daga lokacin manhajar ta samu gindin zama a wayoyin jama'a. Wani ya sauke ta don a ce masa tana ba da data kyauta, wani don ya ji tana ɓoye mutum, wani kuma mai gyaran waya ne ya sa masa ita bai ma san tana ciki ba. Idan aka rubuta haruffan nan uku a Play Store, manhajoji ne za su fito rututu, kusan kowace da hoton garkuwa ko na mabuɗi, kowace tana cewa kyauta ce. Kaɗan daga cikinsu ne suka cancanci a ba su amana.

Yadda take aiki

A bisa al'ada, idan mutum ya buɗe wani shafi a wayarsa, buƙatar tana bi ne ta hannun kamfanin layinsa, MTN ne ko Airtel ko Glo. Kamfanin yana ganin sunan shafin da aka nufa, don haka yana iya toshe shi idan hukuma ta umarce shi. Shafin da aka ziyarta shi ma yana ganin lambar adireshin intanet da wayar ta zo da ita, wadda ke nuna ƙasar da take.

Idan aka kunna VPN, wayar tana kulle duk abin da za ta aika, ta miƙa shi ga wata babbar kwamfuta ta kamfanin VPN ɗin da ke wata ƙasa, a ce Holan ko Amurka. Daga can ne ake buɗe shi a tura inda aka nufa. Kamfanin layi ba ya ganin komai sai cewa ana hulɗa da waccan kwamfuta, shafin kuma yana ɗauka daga Holan baƙon ya zo.

Duk wanda ya san karar dabbobi ta Mai'adua ranar Lahadi zai gane lamarin da wuri. Bafatake ya sauka a gidan fatoma, fatoma ne ke shiga gaba, shi ke magana da masu saye, mai kaya yana gefe ba kowa ya san shi ba. Sai dai fatoman ya san komai: yawan abin da aka kawo, wanda ya saya, da nawa aka sallama. Haka kamfanin VPN yake. Sirrin da aka ɓoye wa kamfanin layi bai ɓace ba, hannu kawai ya sauya. Saboda haka tambayar farko a wajen zaɓe ita ce wane ne fatoman, kuma daga ina yake samun la'adarsa.

Abubuwan da ba ta iya yi

VPN ba ta samar da sabis inda babu shi. A watan Satumban 2021, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Jibiya da Batsari da Safana da Funtuwa. Mai'adua ba ta cikin jerin, amma waɗanda abin ya shafa sun ga cewa babu manhajar da ta yi musu rana. Haka aka gani a Jamhuriyar Nijar a ƙarshen Fabrairun 2021, inda aka katse intanet ta wayar salula kusan kwana goma bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa. Toshe shafi ɗaya daban, datse hanya gaba ɗaya daban. Na farkon kaɗai VPN ke iya zagayewa.

Ba ta kuma ba da data kyauta, kuma nan ne aka fi samun ruɗani. Kalmar "kyauta" tana nufin ba a biyan kamfanin VPN ɗin kuɗin wata, amma datar da aka saya a layi tana ci gaba da tafiya, har ma ta ɗan fi sauri, domin kulle bayanai yana ƙara musu nauyi. Batir ma yana jin jiki. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne ga mai sayen data ta kwana ɗaya. Akwai wasu fayiloli da ake yaɗawa a zaurukan WhatsApp da Telegram da sunan "browsing kyauta", waɗanda ke amfani da wata ɓaraka a tsarin kamfanin layi. Suna aiki na 'yan kwanaki kafin a toshe ɓarakar, kuma a tsawon lokacin duk zirga-zirgar wayar tana bi ne ta kwamfutar wani mutum da ba a san sunansa ba, balle inda yake.

Mazauna bakin iyaka suna da tasu matsalar. A wajajen Kwangwalam, waya kan iya kama sabis ɗin Nijar ba tare da mai ita ya sani ba, a riƙa cajinsa kuɗin ƙetare. VPN ba ta da hannu a wannan, ba ta kuma maganinsa. Maganin yana cikin saitin wayar: a kashe zaɓen layi na kai-tsaye, a zaɓi kamfanin gida da hannu.

Sannan ba ta mayar da mutum ɓoyayye. Layinsa yana haɗe da lambarsa ta NIN, Facebook da TikTok sun san shi da zarar ya shiga da sunansa, kuma idan ɗan damfara ya kira ya nemi lambar sirrin da banki ya turo, aka ba shi, kuɗin sun tafi ko da VPN goma ke kunne. Saƙonnin WhatsApp dama a kulle suke tun daga mai aikawa har mai karɓa, haka ma akasarin shafukan da adireshinsu ya fara da https.

Amfaninta na gaskiya bai wuce uku ba: buɗe shafin da aka toshe, kare kai a kan Wi-Fi na jama'a irin na otal ko makaranta ko shagon intanet, da hana kamfanin layi ko mai Wi-Fi sanin shafukan da ake ziyarta. Ga ɗan jarida ko ɗalibi, waɗannan ba abin rainawa ba ne. Wanda ba ya buƙatar ko ɗaya daga ciki zai iya zamansa ba tare da ita ba.

Wa ke biyan kuɗin?

Tafiyar da manyan kwamfutoci a ƙasashe daban-daban yana cin kuɗi, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa. A 2016, masu bincike daga hukumar kimiyya ta Ostareliya, CSIRO, tare da wasu jami'o'i, sun gwada manhajojin VPN 283 na wayoyin Android. Sun gano alamun mugun shiri a kashi 38 cikin 100, kashi 18 kuma ba sa kulle bayanai ko kaɗan, wato ainihin aikin da aka sauke su dominsa. Kashi 75 suna ɗauke da hanyoyin bibiyar mai waya na wasu kamfanoni.

Binciken ya kwana biyu, amma abubuwan da suka biyo baya ba su ƙaryata shi ba. Tun a 2015 aka gano cewa Hola tana sayar da intanet ɗin masu amfani da ita kyauta ga wasu, ta yadda baƙi ke fita duniya da adireshinsu. Facebook ya mallaki wata manhaja mai suna Onavo, wadda ya riƙa amfani da ita wajen sanin irin manhajojin da mutane ke buɗewa. An cire ta daga shagon Apple a 2018, aka rufe ta a 2019. A Yulin 2020 an tarar da bayanan masu amfani da wasu manhajoji bakwai na Hong Kong, ciki har da UFO VPN, a buɗe a intanet, alhali dukansu sun yi ikirarin ba sa adana komai. A farkon 2021 an sa bayanan mutum miliyan 21 masu amfani da SuperVPN da GeckoVPN da ChatVPN a kasuwa.

Mafi muni shi ne wanda Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta bankaɗo a Mayun 2024. Wata hanyar damfara mai suna 911 S5 ta mamaye adireshin intanet sama da miliyan 19 a faɗin duniya ta hanyar manhajojin kyauta irin su MaskVPN da DewVPN, tana ba masu laifi hayarsu. Ma'ana, ana tafka zamba da adireshin mutumin da ke zaune a gidansa bai san hawa ba bai san sauka ba.

Waɗanda za a iya jarrabawa

Tsarin da ya fi tsabta shi ne na kamfanin da ke sayar da VPN ta kuɗi, sannan ya ware wani ɓangare mai iyaka ya bayar kyauta da fatan wata rana a saya. A nan an san inda la'ada take fitowa.

Proton VPN ta ƙasar Suwizalan ita ce ta fi dacewa da yawancin mutane. Ba ta da iyakar data, ba ta sa talla, tsarin manhajarta a buɗe yake ga duk masanin da ke son dubawa, kuma tana gayyato masu bincike na waje su tantance ikirarinta na rashin adana bayanai. Iyakarta ita ce na'ura ɗaya a lokaci guda, kuma mai amfani da ita kyauta ba shi ke zaɓar ƙasar da za a haɗa shi da ita ba.

Wanda ke buƙatar zaɓar ƙasa sai ya duba Windscribe ta Kanada, wadda ke ba da gigabait 10 a wata ga wanda ya tabbatar da imel ɗinsa, gigabait 2 ga wanda bai yi ba. Tana da tabo: a 2021 hukumomin Yukiren sun kwashe wasu kwamfutocinta biyu da ba a kulle ba. Kamfanin ne da kansa ya bayyana hakan ya kuma sauya tsari, abin da ba kowane kamfani ke yi ba. TunnelBear, ita ma ta Kanada, mai sauƙin sarrafawa ce kuma tana wallafa sakamakon binciken waje tun 2017, sai dai gigabait 2 da take bayarwa a wata ba za su kai mai kallon bidiyo ko'ina ba.

Akwai wasu biyu da ake yawan haɗawa da waɗannan alhali aikinsu daban. Psiphon, wadda ta samo asali daga Jami'ar Toronto, an gina ta ne don ratsa shingen da gwamnatoci ke sa wa intanet, kuma ta ƙware a nan, amma ba ta yi alkawarin ɓoye mutum ba. Manhajar 1.1.1.1 ta Cloudflare tana kulle zirga-zirga ba tare da iyaka ba, ta isa kariya a kan Wi-Fi, amma ba ta mayar da mutum wata ƙasa. Kamfanonin nan suna sauya sharuɗɗansu lokaci zuwa lokaci, don haka a duba shafinsu kafin a dogara da adadin da aka ambata.

Kafin a sauke, da bayan an sauke

A sauke daga Play Store ko App Store kaɗai, kuma a duba sunan kamfanin da ke ƙasan sunan manhajar, domin masu kwaikwayo suna aron suna da tambari. Fayil ɗin da aboki ya turo ta Xender ko ta WhatsApp ba a san abin da aka cusa masa a hanya ba. Manhajar da ba ta faɗi sunan kamfaninta da ƙasar da yake ba, ko ta nemi izinin karanta saƙonni da lambobin waya da hotuna, a bar ta inda aka gan ta. VPN ba ta da abin yi da waɗannan. Yawan taurari da miliyoyin da suka sauke ba shaida ba ne, domin SuperVPN ma tana da su.

A yi tsammanin raguwar sauri. Saƙon da ya tashi daga Mai'adua sai ya gangara Legas, ya ratsa wayar ƙarƙashin teku zuwa Turai, sannan ya juyo, ko da shafin da ake nema a Abuja yake. Inda sabis ke da rauni, kiran murya kan riƙa yankewa.

Ta fuskar doka, babu wata doka a Najeriya da ta haramta amfani da VPN. A lokacin dakatar da Twitter, Ministan Shari'a Abubakar Malami ya ba da umarnin gurfanar da masu karya dakatarwar, amma a ranar 14 ga Yulin 2022 kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa dakatarwar kanta ta saɓa wa doka. Abin da yake laifi kuwa, kamar zamba da kutse a ƙarƙashin Dokar Laifukan Intanet ta 2015, laifi ne ko an aikata shi da VPN ko babu.

Masu hada-hadar kuɗi ta waya su ne suka fi buƙatar taka-tsantsan. Bankuna da kamfanonin tura kuɗi suna lura da inda ake shiga asusu. Idan asusun da aka saba buɗewa daga Katsina ya bayyana daga Amsterdam da safe, daga Tokyo da rana, tsarin tsaro na iya ɗaukar hakan a matsayin kutse, ya ƙi biya ko ya rufe asusun sai an je reshe an yi bayani. Ga mai POS ko dillalin da ke jiran kuɗin shanu su shigo ana tsakiyar cin kasuwa, hakan na nufin asarar cinikin yini guda da tafiya banki ranar Litinin. A kashe VPN kafin a buɗe manhajar banki, a kuma tabbatar alamar mabuɗin nan da ke saman fuskar waya ta ɓace tukuna.